Hoton gawa da na'ura ko tsaga gawa: tambayoyin da mutanenmu ke yi a Zariya da amsoshinsu

Duk wanda ya taɓa zama a bakin ɗakin ajiye gawa a asibiti ya san yadda ake ƙarewa da zarar likita ya ce yana so a bincika abin da ya kashe mamaci. Kafin ya rufe baki an ce masa a'a, ku ba mu gawarmu, kwanansa ne ya ƙare. Ni ban ga laifin mai faɗin haka ba, don mutum ne a cikin jimami, ga jama'a na jira a ƙofar gida, ga masu haƙan kabari sun gama. Amma abin da ke damuna shi ne mun binne dubban mutane ba mu san ciwon da ya ɗauke su ba, kuma wani ciwon yana nan a cikin gidan yana jiran na gaba. Yanzu akwai hanyar leƙa cikin gawa da na'urar hoto ba tare da an yanka ta ba, kuma tambayoyi a kanta sun yi yawa, shi ya sa na tattaro su wuri ɗaya.

Wai shin mene ne ma hoton gawa? Irin hoton da ake wa mara lafiya ne?

Shi ne dai, na'ura ɗaya ce. Eksire ɗin da ake yi wa wanda ya karye, da CT da ake tura mai shanyewar ɓarin jiki ya yi, da MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, har da sikanin da ake wa masu juna biyu, duk ana iya amfani da su a kan gawa. Wanda aka fi dogaro da shi shi ne CT. Ana kwantar da gawar a kan gadon na'urar, gadon ya shige da ita cikin wani zobe, na'urar ta ɗauki jikin yanki-yanki kamar an yanka burodi siriri-siriri tun daga kai har ƙafa, sai kwamfuta ta haɗa su likita ya zauna yana juyawa yana duba kwanya da ƙirji da ciki ta duk ɓangaren da yake so. Ɗaukar hoton 'yan mintuna ce, karanta shi ne ke cin lokaci.

Wani sauƙi kuma, ba a tsoron illar hasken na'urar ga mamaci kamar yadda ake tsoro ga mai rai, kuma ba ya motsi ba ya numfashi, don haka ana iya ƙara wa na'urar ƙarfi hoton ƙashi ya fito tar.

Sabon abu ne da Turawa suka ƙirƙiro kwanan nan?

A'a. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano eksire a 1895, kuma ba a jima ba aka fara neman harsashi da shi a jikin mutane. CT kuwa a Ingila aka fara gwada ta a kan mara lafiya a 1971, aikin Godfrey Hounsfield. Amma waɗanda suka mayar da hoton gawa wani fanni mai zaman kansa su ne likitocin Jami'ar Bern a ƙasar Suwizalan wajen shekarar 2000, irin su Richard Dirnhofer da Michael Thali, suka sa wa shirin suna Virtopsy. Daga nan abin ya bazu, Japan na yi sosai, birnin Melbourne na Ostareliya ya sa CT a cibiyar binciken gawa tun 2005.

Abin da zai ba mu sha'awa shi ne a Ingila masu addini ne suka tura abin gaba. Yahudawan Manchester ne suka fara neman a riƙa yi wa mamatansu MRI a shekarun 1990 saboda su ma addininsu ba ya son a taɓa gawa kuma suna gaggauta binnewa, sai Musulmi suka mara musu baya. A 2015 babbar kotun Ingila ta yanke hukunci cewa in iyali sun nemi a fara gwada hoto saboda addini, kuma akwai yiwuwar hoton ya ba da amsa, to a saurare su.

To in an yi hoton shi kenan ba za a tsaga gawar ba?

Nan ne nake so a fahimce ni da kyau, don ban so a je ana cewa an samo na'urar da ta kashe maganar tsaga gawa. Ba ta kashe ba. Wani lokaci hoton ya wadatar, wani lokaci yana nuna wa likita daidai wurin da zai duba sai a yi ɗan ƙaramin yanka maimakon buɗe jiki gaba ɗaya, wani lokaci kuma hoton ba ya cewa komai sai an buɗe.

An gwada wannan a Manchester da Oxford, aka buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet a 2012. Gawa 182 aka yi wa hoto sannan aka tsaga su don a kwatanta. Abin da CT ya ce shi ne sanadin mutuwa ya saɓa sosai da abin da aka gani da ido a kashi 32 cikin 100, na MRI kuwa kashi 43. Wato kusan mutum ɗaya cikin uku CT kaɗai zai iya ba da amsar da ba ita ba. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, musamman in akwai wanda ake zargi yana tsare a hannun 'yan sanda.

Daga baya likitocin Leicester suka ƙara wata dabara ta cusa ruwa na musamman a jijiyoyin zuciya kafin hoton, a 2017 suka fitar da nasu sakamakon a kan gawa 210, inda hoton ya ba da sanadin mutuwa a 193, kashi 92 cikin 100 ke nan. Babban kuskure ya sauko zuwa kashi 6, kuma a binciken nan ita kanta tsagawar an kama ta da kuskure a kashi 5. Don haka kowanne yana da inda yake gani da inda yake makancewa, shi ya sa masana suka fi son a haɗa su.

Me na'urar take gani sosai?

Ƙashi da ƙarfe da iska da jini mai yawa, waɗannan huɗun ba sa ɓoye mata.

Karaya a ƙashin wuya ko ƙashin fuska ko ƙugu, wuraren da likita mai wuƙa yake shan wahala kafin ya kai, CT na nuna su ba tare da an ɓata kamannin mamaci ba. Harsashi da gutsattsarinsa, da hanyar da ya bi daga inda ya shiga zuwa inda ya tsaya. Tsinin wuƙa da ya karye a cikin ƙashi. Iskar da ta taru a ƙirji ta danne huhu, ko ta shiga jijiya ta kai zuciya, wadda da zarar an buɗe jiki sai ta fice ba a gan ta ba. Sai zubar jini a cikin kwanya, wanda shi ne nake ganin ya fi shafar mu, don hawan jini ya yi mana katutu kuma mutane da yawa ba su san suna da shi ba. Dattijo yana alwala ya yanke jiki ya faɗi, ko uwa tana tuƙa tuwo ta ce kanta kamar zai tsage, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Da yawa irin wannan jijiya ce ta fashe a kai, kuma a CT jinin yana fitowa fari sol a tsakiyar ƙwaƙwalwa, ko wanda bai yi karatun likita ba in aka nuna masa zai gani.

Huhun da tarin fuka ya rarake shi ma yana nunawa, kuma wannan ba labarin mamaci ba ne kaɗai, labarin matarsa ne da yaran da suke kwana ɗaki ɗaya da shi. In aka gani sai a ce su je a gwada su, ga cibiyar tarin fuka da kuturta nan a Saye kusa da mu.

Me kuma take kasa gani?

Toshewar jijiyoyin zuciya in ba a cusa wancan ruwan ba. Gudan jini da ya taso daga ƙafa ya je ya toshe jijiyar huhu, wanda ke kashe mutum farat ɗaya, musamman mai jego ko wanda ya daɗe kwance bayan tiyata. Wahalar a nan ita ce jini yana daskarewa da kansa bayan mutuwa, to bambance gudan da ya kashe mutum da wanda ya taru bayan ya mutu ba abu ne mai sauƙi a hoto ba. Ciwon huhu na sanyi ma yana rikita masu karatu, saboda ruwa da jini suna gangarowa su kwanta a bayan huhun kowace gawa. Gyambon ciki da wasu cututtukan hanji su ma suna kuɓucewa. Ƙwayoyin cuta kuwa, irin zazzaɓin cizon sauro ko Lassa ko sanƙarau, ba a tabbatar da su da hoto, sai an ɗebi jini ko ruwan jiki an kai ɗakin gwaji.

Muna zargin an sa wa ɗan'uwanmu guba a abinci. Hoto zai nuna?

Ba zai nuna ba, kuma ina roƙon a riƙe wannan. Guba sai gwajin jini da fitsari da abin da ke cikin tumbi, har da ruwan cikin ido ana ɗiba da allura don shi ba ya saurin lalacewa. Abin da hoto zai iya yi shi ne ya nuna wani sanadin daban ƙarara, misali babbar jijiyar jini ta fashe a ƙirji ko jini ya cika kwanya, sai zargin ya mutu tun kafin ya raba zumunci.

Wallahi wannan ɓangaren yana ci mini rai. Gidaje nawa ne aka daina gaisawa saboda mutuwar fuju'a? An ce kishiya ce, an ce matar uba ce, an ce tsohuwar nan ta bayan layi mayya ce, aka bar mace da tabo har ta koma ga Allah ba wanda ya taɓa tabbatar da komai. Ba na cewa ba a kisan kai, ana yi, kuma wanda aka kashe yana da haƙƙi a bi masa kadi. Amma wanda aka yi wa ƙazafi shi ma yana da haƙƙi, kuma bincike ne kaɗai zai raba su.

Me Musulunci ya ce a kan wannan?

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ga malamai nan cike da gari daga cikin birni har Tudun Wada da Samaru, a tambaye su. Abin da zan iya kawowa shi ne abin da aka sani. Akwai hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da Abu Dawud da Ibnu Majah suka ruwaito, cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Akwai kuma hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim da ke umarni a gaggauta jana'iza. A kan waɗannan biyun ƙyamar da muke yi wa tsaga gawa ta ginu, kuma ƙyama ce mai tushe.

Duk da haka Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a shekarar 1396 bayan Hijira, daidai da 1976, ta halatta tsaga gawa don binciken laifin kisa da kuma gano cututtukan annoba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ita ma ta fitar da matsaya irin wannan a 1987, da sharaɗin a tsaya iya buƙata, kuma a binne dukkan sassan jikin. To in malamai sun ba da dama a yanka saboda lalura, a ganina hanyar da ba ta karya ƙashi ba ta zubar da jini ta fi kusa da abin da zuciyar Musulmi za ta natsu da shi. 'Yan'uwanmu Kirista na Wusasa da Sabon Gari su ma ba kowa ke son a yanka masa uwa ko ɗa ba, ciwon ɗaya ne.

In mace ce, maza za su ga tsiraicinta?

Wajen ɗaukar hoton dai ba sai an buɗe ta ba. Ana sa gawa a cikin jaka ta musamman mai zif wadda ba ta yoyo, kuma da jakar ake shigar da ita na'urar, hasken yana ratsa leda da tufafi. Ma'aikacin yana can wani ɗaki bayan gilashi yana kallon allo. Sai dai binciken sanadin mutuwa yakan haɗa da duba fatar jiki da ido don neman rauni ko shaidar shaƙa, wanda hoto ba ya nunawa da kyau, a nan iyali suna iya neman mace ta yi ko a yi a gaban ma'aikaciya mace, kuma neman haka ba rashin kunya ba ne.

Ba zai jawo jinkirin jana'iza ba? Mu fa in an rasu da safe bayan azahar an kai.

In akwai tsari hoton ya fi tsagawa sauri nesa ba kusa ba. Matsalar ba na'urar ba ce, samun layi ne da samun likitan da zai karanta. A ƙasashen da suke yi da na'urar asibiti, da daddare ko da sassafe ake shigar da gawa lokacin da babu marasa lafiya, a goge gadon a ci gaba da aiki. Kuma hoton yana nan a kwamfuta, ana iya tura shi ta intanet wani likita a wani gari ya duba. Amma kar a yi gaggawar ɗaukar makara kafin likita ya ce ya gamsu, don in aka binne sannan aka ga hoton bai ba da amsa ba, an rasa damar ke nan sai dai tono, kuma tono ya fi komai ciwo.

Gaggawar tamu ma tana da amfani a nan. Gawa tana fara canzawa da wuri, a zafin Maris da Afrilu na Zariya kuwa ba a magana, iskar ruɓewa tana taruwa a jijiyoyi da hanta ta ɓata hoton har a ɗauka ciwo ne. Gawar da aka kawo da wuri ta fi ba da hoto mai kyau. A yi hoton kafin wanka, kuma in a asibiti aka rasu kar a cire robobin da ke jiki sai an gama, don ana so a ga ko suna inda ya kamata.

Mene ne wannan cusa ruwa a jijiya da kake ta ambata? Ba shi ma yanka ba ne?

Ɗan yanka ne ƙarami, a gefen wuya ko a matsematsi. Mai rai zuciyarsa ce ke zagaya da ruwan da ake sa masa kafin hoto, mamaci kuwa babu bugu, sai a zura siririyar roba a jijiya a tura ruwan da famfo. A Lausanne ta Suwizalan, Silke Grabherr da abokan aikinta sun yi suna da hanyar da ake haɗa ruwan da wani mai a cika jijiyoyin jiki duka, 'yan Leicester kuwa zuciya kawai suke nufa ta jijiyar wuya. Ruwan yana haska jijiyoyin, sai a ga inda ya toshe ko inda yake tsiyaya. Bayan an gama a ɗinke wurin, likkafani ya rufe shi.

Jarirai fa da ɓari da waɗanda aka haifa babu rai?

A nan MRI ta fi CT amfani, domin jikin jariri kusan duk tsoka ce mai laushi. A 2013 aka buga wani bincike daga Landan a kan 'yan tayi da yara 400, inda aka haɗa MRI da gwajin jini da duba mabiyiya ba tare da buɗe jiki ba, sakamakon ya dace da na tsagawa a kashi 89 cikin 100. A 'yan tayi ya kai wajen kashi 95, amma a yaran da suka haura shekara ɗaya ya faɗo zuwa wajen kashi 54, saboda su cututtukan ƙwayoyin cuta ne suka fi kashe su kuma hoto ba ya kama su sosai.

Ina tunanin matar da ta yi ɓari uku ko ta haifi biyu babu rai, kowa da abin da yake faɗa, wannan ya ce iska ce wancan ya ce wabi ne, ana ta ba ta jiƙe-jiƙe, dangin miji sun fara maganar ya ƙara aure. Alhali wataƙila wata matsala ce a zuciyar jaririn ko ƙodarsa ko a mabiyiyar, wadda in an sani za a san yadda za a kula da cikin gaba. Ko mabiyiyar kaɗai aka bar wa likita ya duba kafin a binne ta, ana samun amsa a lokuta da dama.

In babu na'urar fa? Akwai wata hanyar da ba tsagawa ba?

Akwai guda biyu kuma duk an yi su a Afirka. Ta farko ɗiban ɗan nama da allura, ana soka allura ta musamman a huhu da hanta da ƙwaƙwalwa a ɗebo ɗan mitsitsin nama tare da jini da ruwan ƙashin baya a kai ɗakin gwaji. Shirin CHAMPS da Gidauniyar Gates ke ɗaukar nauyi yana yin haka don gano abin da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar, a ƙasashe irin su Mali da Mozambik da Kenya da Habasha da Saliyo da Bangaladash, wasunsu ƙasashen Musulmi ne kamar mu kuma iyaye suna yarda in an yi musu bayani da mutunci an shigo da limamai. Daga baya an shigar da Najeriya, har da Bauchi.

Ta biyu ita ce tambayar iyali, wato ma'aikacin lafiya ya zauna da waɗanda suka yi jinya ya bi tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, yaushe zazzaɓin ya fara, ya yi tari, numfashi ya yi wuya, sannan a ƙiyasta sanadin. Da ita aka yi aiki a Kano a 2020 lokacin da maƙabartu suka cika da dattawa a watan Afrilu, daga baya ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutuwa 979 kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama korona ce. Ka ga ai ƙiyasi ne, shi ya sa har yau ake gardama a kai. Da an samu ko kaɗan daga cikinsu an yi musu hoton ƙirji da gwaji kafin binnewa, da gardamar ta ragu.

Haɗarin mota da gobara, inda ba a gane mutum?

Wanda ke bin hanyar Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano ya san abin da ake gani. Haɗarin tankar mai a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024 ya ci sama da mutum 150, da yawa kabari ɗaya aka haɗa su. A irin wannan CT yana taimakawa wajen gane namiji ne ko mace, babba ne ko yaro, sannan haƙora da tsohuwar karaya da ƙarfen da aka taɓa sa wa mutum a tiyata duk shaida ne. Ko kogon da ke cikin ƙashin goshi kowa da siffar nasa. Haka aka yi a Ostareliya bayan gobarar dajin 2009 da ta kashe mutum 173, an haɗa CT da haƙora da gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA.

Sai dai dole a samu tsohon hoto da za a kwatanta da shi. Don Allah wannan babbar ambulan ɗin ta eksire da ake jefawa bayan sif ko ƙarƙashin katifa har ɓera ya ci gefenta, a adana ta.

Mamaci ya riga ya tafi, me binciken zai ƙara wa masu rai?

Ga misali ɗaya da nake yawan bayarwa. Sojojin Amurka tun 2004 suke yi wa gawar duk sojansu da aka kashe a yaƙi CT a sansanin Dover. A cikin hotunan ne wani likita ya lura cewa allurar da ake soka wa wanda iska ta danne wa huhu, mai tsawon santimita 5, ba ta ratsa ƙirjin sojoji da yawa saboda kaurinsu, wato ana soka ta ana zaton an yi ceto alhali ba ta kai ba. Aka canza zuwa mai santimita 8. Gawa ce ta koyar da haka.

A gida kuwa, saurayi ɗan shekara ashirin da wani abu ya faɗi a filin ƙwallo ya cika, wasu cututtukan zuciya gado ne, in an gano sai a duba ƙannensa tun suna da rai. Ga maganar haƙƙi a kotu, ga diyya, ga likitoci su kansu da suke buƙatar sanin inda suka yi daidai da inda suka kauce.

Ana yi a Zariya? In na je Shika zan samu?

A Najeriya hoton gawa da CT bai zama tsarin da aka saba ba. Abin da aka daɗe ana yi shi ne eksire don neman harsashi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen hoto da sashen likitocin binciken cututtuka waɗanda su ne masu binciken gawa, don haka nan ne wurin da ya dace a kai tambaya, su za su faɗi abin da zai yiwu da abin da ba zai yiwu ba a ranar.

Gaskiyar magana na'urorin CT a ƙasar nan sun yi kaɗan ko ga masu rai, ga tsada ga matsalar wuta, kuma ni ba zan taɓa cewa a ɗaga mai rai daga layi a sa gawa ba. Abin da nake fata shi ne a ware sa'o'in dare, a tanadi jakunkunan gawa, a horar da likitocin hoto don karanta gawa daban yake da karanta mai rai, kuma a zauna da malamai da masarauta tun kafin buƙata ta taso, ba a fafe gora ranar tafiya. A fara da abin da hoto ya fi ƙwarewa a kai, wato harbi da haɗari da mutuwar fuju'a.

Wa ke da ikon cewa a yi ko kar a yi?

Ya danganta da irin mutuwar. In ciwo ne aka rasu a gadon asibiti likita yana son ƙarin sani, sai da yardar iyali, kuna da damar ku ce a'a, kuna da damar ku ce mun yarda da hoto da allura amma ban da buɗe jiki, ko a buɗe ƙirji kawai. In kuwa akwai zargin kisa, ko an mutu a tsare, ko an tsinci gawa, maganar ta koma hannun hukuma, majistare da doka ta ɗora wa binciken musabbabin mutuwa yana iya ba da umarni ko iyali ba su so. A nan ma ba a hana ku roƙo ba, babban gida ko lauya ya nemi a fara da hoto in zai samu, a taƙaita yanka, a saki gawa da wuri. Kuma duk abin da aka yi ku nemi kwafin rahoton a rubuce, in an yi hoto ku nemi a sa muku shi a faifai ko filashi ku ajiye tare da takardar shaidar mutuwa, don in magana ta je kotu bayan shekara biyu wani likitan zai iya sake buɗe hoton ya duba ba tare da an taɓa kabari ba.